Darasi na Tara: Manyan Motoci a Kan Hanyoyin Karkara

A wannan darasi za mu duba abin da ke faruwa idan tirela da tanka da tifa suka mayar da hanyar ƙauye tasu ta kullum. Ƙurar da ramukan ba sai an ba ku labari ba, a ƙofar gidajenku suke. Abin da darasin zai ƙara muku shi ne lissafin da ke bayan ɓarnar, da sanin wanda alhakin hanyar ke wuyansa, da inda ya kamata a kai kuka. Akwai ɗan lissafi a gaba, saboda haka a ajiye fensir kusa.

Daga dogo zuwa taya

A da, ba mota ce ke ɗaukar kaya masu nauyi zuwa nesa ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, layin dogo ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930. Gyaɗa da auduga da ƙiraga da shanu duk a wagunu suke tafiya Kudu, aikin mota bai wuce kai kaya daga kasuwa zuwa tashar jirgi ba. Shi ma man fetur an shimfiɗa masa bututu zuwa defo-defo na Kano, Gusau, Jos, Gombe da Maiduguri. Da harkar jirgi ta durƙushe, bututun kuma ya daina aiki saboda fasa shi da ake yi da rashin gyara, sai duk nauyin ya dawo kan taya. Yau simintin Obajana da Ashaka da Sakkwato, da man da ake ɗaukowa daga Legas da Warri, da hatsin Dawanau, da shanun Maigatari da Potiskum, kusan duk a bayan babbar mota suke.

Wani zai ce ai waɗannan manyan tituna suke bi, me ya kawo su ƙauye? Wata motar kaya ta zo ɗauka: masara a Saminaka, albasa a Aliero, tumatir a Kwanar Gafan. Wannan kowa na maraba da ita, domin ranar da ba ta zo ba farashi faɗuwa yake yi. Wata kuma tifa ce mai zirga-zirga tsakanin rafin da ake ɗibar yashi, ko wurin fasa dutse, da birnin da ake gini. Amma wadda ta fi ɓarna ita ce mai ratse, wadda ba ta da abin ɗauka ko saukewa a garin. Babban titi ya lalace, ko gada ta karye, ko direba na gudun shingen masu karɓar kuɗi, sai ya yanko ta cikin ƙauyuka. Idan ɗaya ta bi ta fita lafiya, kafin mako ya zagayo sun zama jerin gwano.

Jihar Neja ta ɗanɗana wannan. A 2020 gwamnatin jihar ta hana manyan motoci bin hanyar Minna zuwa Bida, wadda tata ce, bisa hujjar cewa sun baro titunan tarayya da suka lalace sun dawo suna farfasa na jiha. Direbobin tanka suka tayar da jijiyar wuya, aka koma sulhu. Idan gwamna da duk ikonsa sai da ya yi fama, ku auna halin da dagaci yake ciki.

Nauyi ke kashe hanya, ba yawan motoci ba

Babban titi irin na Kano zuwa Zariya hawa-hawa ake gina shi: a daddaɓe ƙasa, a zuba burji, a zuba fasasshen dutse, sannan a shimfiɗa kwalta mai kauri. Hanyar ƙauye kuwa, idan ta yi sa'a, burji ne aka daddaɓe aka watsa masa kwalta da tsakuwa, kaurin bai fi gaɓar yatsa ba. Da yawa ma ko wannan ba su samu ba. An yi su ne don babur da amalanke da a-kori-kura da ƙaramar motar kasuwa.

Tsakanin 1958 da 1960 injiniyoyi a jihar Illinois ta Amurka sun gina hanyoyi na gwaji, suka sa motoci masu nauyi daban-daban suna zagaye a kansu dare da rana, suna auna lalacewar. Abin da suka gano shi masu gina hanya ke aiki da shi har yau. Ba jimlar nauyin mota kaɗai ake dubawa ba, ana duba nauyin da ke kan kowane layin taya, wato tayoyin hagu da na dama da ƙarfe ɗaya ya haɗa. Kuma ɓarnar ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da nauyin. Idan nauyin layin taya ya ninka biyu, ɓarnar ba biyu take ninkawa ba. Sai a jera biyun sau huɗu:

2 × 2 × 2 × 2 = 16

Mu gwada da motocin da muka sani. Layin tayar ƙaramar mota ba ya wuce tan 1. Na tirela mai lodi yana kai tan 10. Nauyi ya ninka goma ke nan.

10 × 10 × 10 × 10 = 10,000

Ma'ana, layin tayar tirela guda idan ya wuce sau ɗaya, ya gajiyar da kwalta kamar layin tayar ƙaramar mota ya wuce sau dubu goma. Tirela kuma layi biyar ko shida gare ta. Wannan kiyasi ne, yana ɗan bambanta daga hanya zuwa hanya, amma ya isa ya nuna cewa duk baburan garinku da motocin kasuwarku ba su ne suka kashe hanyar ba.

Yanzu ga inda obalodi ya shigo. Buhun siminti kilo 50 ne. Buhu 600 tan 30 ke nan, buhu 900 kuma tan 45. Buhun masara kilo 100, saboda haka buhu 300 ya cika tan 30. Mai kaya yana so ya biya kuɗin mota ɗaya a kwashe masa kayan mota ɗaya da rabi. Idan aka ƙara lodi har layin da ya kamata ya ɗauki tan 10 ya ɗauki 15, nauyi ya ƙaru da rabi ne kawai, amma 1.5 × 1.5 × 1.5 × 1.5 ya ɗan haura 5. Ɓarna ta ninka biyar. Ribar ƙarin buhunan tana aljihun mutum ɗaya ko biyu, ramin kuma na dukan gari. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Doka ta san da wannan. Ƙasashen yammacin Afirka masu kashe sefa, har da Nijar, sun amince tun 2005 cewa layin taya guda mai jan mota kada ya wuce tan 11.5, ƙungiyar ECOWAS kuma ta ɗauki irin wannan ƙa'ida a 2012. Sai dai doka irin wannan ba ta aiki sai da sikelin auna mota a kan hanya, kuma ba wanda ke kafa sikeli a hanyar ƙauye.

Kwalta kamar waya take: ka lanƙwasa ta sau ɗaya ba komai, ka yi ta lanƙwasawa sai ta karye. Duk taya mai nauyi da ta wuce, hanyar tana ɗan lotsawa ta dawo. A hankali sai tsaga ta bayyana. Da damina ruwa ya bi tsagar ya jiƙa burjin da ke ƙasa, ya yi laushi, mota ta taka, taɓo ya fito ta tsagar, ƙarƙashin kwaltar ya zama wofi. Daga nan sai rami. Shi ya sa hanyar da ta jure rani uku za ta iya mutuwa a watan Agusta guda. Kwata da ta toshe da shara ko yashi tana taya tirela aiki, wannan kuwa laifin mazauna ne, ba na direba ba.

Abin da mazauna ke biya

Da rani ƙura ce. Tana sauka a kan tuwo da randa da shanya, tana rufe ganyen amfanin gonar da ke bakin hanya. Manyan ƙwayoyinta hanci yana tare su, amma ƙananan da ido ba ya gani har cikin huhu suke shiga, kuma masu asma da jarirai da tsofaffi su ke fara jin jiki. Ƙurar fasasshen dutse ta fi ta burji illa ga huhu. Hayaƙin man gas kuwa, tun 2012 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansar huhu. Mai tuyar ƙosai da mai shayi da ke wuni a inda motoci ke tsayawa da inji a kunne, su ne a sahun gaba.

Akwai wata ɗabi'a da ya kamata a faɗa ko da ba za ta yi daɗi ba: shanya barkono da tumatir da rogo da shinkafa a gefen kwalta. An san dalili, wurin a shimfiɗe yake, yana da zafi, ba a biyan ko sisi. Amma abincin yana kwasar ƙura da baƙin mai da burbushin taya, mai tsaron shanyar kuma, wanda galibi yaro ne ko mace, yana zaune taku biyu daga tayar tirela.

Gidan ƙasa da ke daf da hanya yana jin girgiza, musamman inda akwai rami, domin duk tayar da ta faɗa sai ƙasa ta amsa. Idan kwalbati ya rufta, ruwan da ya saba bi ta cikinsa sai ya nemi wata hanya, sau da yawa ta cikin gidaje. Sannan ga kuɗin mota. Da zarar hanya ta lalace, ƙananan motoci sukan ƙaurace mata, mai babur ya ƙara kuɗi, mai sayen hatsi ya rage farashi yana cewa zai biya mota da tsada. Mace mai naƙuda da ake kai wa asibiti cikin rabin sa'a sai ta kwashe sa'a biyu a hanya.

Babbar mota ba ta tsayawa nan take

Mota mai gudun kilomita 60 a sa'a tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Kafin direba ya ga yaro, ya ɗaga ƙafa, ya taka birki, ta riga ta ci wannan tazarar ko fiye. Bayan an taka birkin ma sai ta ja. Idan gudu ya ninka biyu, tazarar jan birki huɗu take ninkawa. Tirela mai cikakken lodi da ke gudun kilomita 100 tana bukatar wajen mita 160 kafin ta tsaya, wato tsawon filin ƙwallo ɗaya da rabi, kuma wannan idan birkinta da tayoyinta lafiya lau suke. Shi ya sa ƙa'idar hanya ta Najeriya ta ƙayyade wa tanka da tirela kilomita 45 a sa'a a cikin gari.

Direban babbar mota yana sama, amma akwai wuraren da ba ya gani: daf da gaban motar, da bayanta, da gefen da yaron mota ke zama. Ƙa'idar da za a koya wa yara da 'yan acaɓa ita ce, in ba ka ganin fuskar direba a madubinsa, shi ma ba ya ganinka. Idan kuma za ta sha kwana, kan motar yana buɗewa waje, tayoyin baya su yanko ciki. Mai babur da ya kutsa ta wannan gefen yana ganin fili ne, alhali nan tayar baya za ta bi.

Hawa saman lodi kuwa, a kan buhuna ko tsakanin shanu, an san talauci ne ke sa shi. Amma motar da aka yi wa tulin kaya sama ta fi saurin kifewa, kuma idan ta kife, kayan a kan mutane suke sauka.

Tanka sai an ware mata nata bayani. A daren 15 ga Oktoba, 2024, wata tankar fetur ta faɗi a garin Majiya na ƙaramar hukumar Taura a jihar Jigawa. Mai ya malala cikin kwata, jama'a suka fito da bokiti da jarka, wuta ta tashi. Fiye da mutum 150 suka rasu. Wata uku bayan haka, ranar 18 ga Janairu, 2025, aka sake irin wannan a mahaɗar Dikko ta jihar Neja, fiye da mutum 80 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Bayan waɗannan ne hukumar kula da rarraba man fetur ta hana tankoki masu ɗaukar lita 60,000 yin lodi daga 1 ga Maris, 2025.

Abin da ya kamata kowa ya sani shi ne, ba ruwan fetur ne ke fara kamawa ba, tururinsa ne. Tururin ya fi iska nauyi, saboda haka ba ya tashi sama, yana bin ƙasa yana kwanciya a kwata da kwari, ya yi nisa da motar. Tartsatsi kaɗan ya ishe shi: bokitin ƙarfe da ya gogi kwalta, babur da aka tayar, janareta, sigari, murhun mai shayi. Wanda ya tsaya kallo yana cikin haɗari ɗaya da mai ɗiba. Idan tanka ta faɗi, a yi nisa sosai, a bi ɓangaren da iska ke tahowa, a hau tudu ba kwari ba, a kashe duk wata wuta, a kira Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa a lamba 122. Masu unguwa da limamai da shugabannin matasa su tsayar da wannan magana tun kafin ranar ta zo, domin ran da mai ke malala ba mai sauraron wa'azi.

Wa za a kama, ina za a kai kuka?

Idan haɗari ya faru, direba ake fara kamawa, wani lokaci har a ƙona motar. Akwai direbobi masu ganganci da masu shaye-shaye don korar barci, ba a musa ba. Amma yawancinsu ba su ne masu motar ba, ba su ke yanke yawan lodi ba, ba su ke sayen taya ba. Da yawa kuɗinsu a kan yawan sawu yake, wanda ya ƙi obalodi kuma gobe wani ne a kan sitiyarin. A wurin lodi ake yanke hukuncin mutuwar hanya, tsakanin mai kaya da mai mota da ɗan kamasho. Ƙona mota ba ya dawo da rai, sai dai ya jawo wa gari kame da biyan diyya.

Haka nan samarin da ke zuba ƙasa a rami su tare hanya suna karɓar na goro. Ƙasar ruwan farko ke wanke ta, shingen kuma ya zama sana'a. Tudun rage gudu da aka yi da kututture ko tulin kankare, ba fenti ba alama, shi kansa yana kayar da mota da dare, tanka ma har da ita. Tudun kirki faɗi gare shi ba tsini ba, da fenti, da allon gargaɗi tun daga nesa, kuma da sanin hukumar da ke da hanyar ake yin sa.

Sanin mai hanyar shi ne matakin farko. Najeriya tana da hanyoyi kimanin kilomita 200,000, na gwamnatin tarayya wajen 35,000 ne kawai, kuma hukumar FERMA da aka kafa a 2002 ita ke gyaran su. Akwai na jiha, ƙarƙashin ma'aikatar ayyuka. Mafi yawa kuwa na ƙananan hukumomi ne, kamar yadda tsarin mulkin 1999 ya ɗora musu. Takardar da aka kai ofishin da ba na mai hanyar ba ne, a durowa take tsufa. A wasu jihohi, ciki har da Kano, Katsina, Sakkwato, Kebbi da Bauchi, akwai shirin RAAMP na gyaran hanyoyin karkara da Bankin Duniya ke tallafa wa, yana da ofishi a babban birnin jiha.

Inda matsalar ta wurin fasa dutse ce, mazauna suna da madogara mai ƙarfi da da yawa ba su san da ita ba. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai lasisin haƙar ma'adini ko fasa dutse ya ƙulla rubutacciyar yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki. A cikinta ake iya sa yayyafa wa hanya ruwa da rani, rufe lodi da tamfol, gyaran kwalbati, da hana tifa wucewa lokacin da yara ke tafiya makaranta da lokacin tashi. Ku tambayi dagaci ko hakimi ko an yi wannan takarda, wa ya sa hannu, me aka rubuta. Masu tifar yashi kuma suna da ƙungiya da shugabanni, kuma zama da su a gaban hakimi ya fi jifa da dutse amfani.

Kukan baki yana bin iska, amma jami'i yana jin nauyin lamba. "Motoci sun dame mu" ba ta kai "ranar Laraba, daga ƙarfe 7 na safe zuwa 6 na yamma, mun ƙirga tifa kaza da tirela kaza, ga hoton kwalbatin da ya rufta" ƙarfi ba. A nan karatun da kuke yi yake da rana. A rubuta takarda, a sa kwanan wata, mai unguwa da dagaci su sa hannu, a kai wa kansila da shugaban ƙaramar hukuma, a ba ɗan majalisar jiha kwafe. A ajiye kwafe ɗaya da aka buga wa hatimin karɓa, domin shi za a nuna idan aka koma bibiya.

Aikin aji

1. Tirela ta ɗauki buhun masara 350, kowane kilo 100. Tan nawa ke nan? (Kilo 1,000 shi ne tan 1.)

2. Idan nauyin layin taya ya ninka uku, sau nawa ɓarnar za ta ninka? Nuna lissafinka.

3. Me ya sa wanda ya tsaya kallon tankar da ta faɗi yake cikin haɗari ko da bai taɓa man ba?

4. Hanyar da ta ratsa garinku ta wace gwamnati ce? Wanda bai sani ba ya tambayo kansila ko mai unguwa kafin zama na gaba.

5. Ku rabu gida biyu. Kashi ɗaya su ƙirga manyan motocin da suka wuce cikin sa'a biyu ranar kasuwa, ɗaya kashin su ƙirga a ranar da ba kasuwa, a ware masu tsayawa a gari da masu ratse. Da waɗannan lambobi kowane ɗalibi zai rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma wasiƙar da ba ta wuce layi goma ba, ya faɗi abu ɗaya tak da yake so a yi.